Guntun Tsakiya

Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗori
a zauren nan na Birni, bayan dutse.
Kara, tsumma, man shanu, tofi,
da yatsun da ubana ya bar mini gado.
Daga Mirya ake kawo mini karaya, daga Tanut,
har jaki na taɓa ɗaure wa ƙafa, ya tashi.

Ran Alhamis, kasuwar Dole na ci,
aka shigo da Mutari a kan ƙyauren shago.
Autana.
Kamyon albasa ya bi ta kan kabu-kabunsa.

Na durƙusa, na bi ƙwaurin da hannu.
Ga karaya nan ƙasan gwiwa.
Na gangara, ga wata sama da idon sawu.
Tsakaninsu guntu guda, tsawon taƙina,
yana lilo cikin nama,
bai san na sama ba, bai san na ƙasa ba.
In na daidaita nan, can ya zame.
Kara ya iya sulhun biyu,
bai taɓa zaunar da uku ba.

Zaure ya cika, ana jiran bisimillata.
Na ce a nemo mota.
Wani ya ce, Baba Tsahiru, kai fa?
Na ce, ni ɗin fa.

Likitar ba ta kai 'yata ta biyu ba.
Fatsuma, aka ce.
Ta ɗaga baƙin hoto a hasken taga,
sai ga abin da yatsuna suka faɗa mini
a rubuce, fari fat.
Ta ce, Baba, mu ba ma ɗauri ta waje.
Ta gwiwa za mu shiga, mu bi hanyar ɓargo
da doguwar ƙusa,
mu shirya ukun kamar 'ya'yan tasbaha a zare.
Mutari na cizon leɓe ya ce, kamar tsire dai.
Ita kaɗai ta yi dariya.

Ƙanana biyu a sama, ta ce, biyu a ƙasa,
don kada ƙafa ta juya, kada ta gajarce.
Guntun tsakiya kuwa ba za mu feɗe shi ba,
naman da ke manne da shi ne abincinsa.

Na sayar da ragon layya tun kafin a ga wata,
da abin da ya rage na babur.
Uwarsa ta kwance jikunan adashinta.

Awa huɗu ina gindin bedi.
Na rantse na ji ƙarar guduma ta bango,
ko kuwa ƙirjina ne.
Ni da nake ce wa iyaye ku fita waje,
yau ni ne a waje.

Kwana uku, sai ga shi tsaye da sanduna.
Nawa sai sun yi arba'in a tabarma.
Ban ce komai ba.

Wata na huɗu muka koma.
Karayar sama ta yi gajimare, ta rufe.
Ta ƙasa tana jan ƙafa,
wani siririn layi har yanzu baƙi.
Ta ce, ƙarfe ba ya warkarwa, Baba,
riƙewa kawai yake,
ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa.
Na dube ta.
Haka ubana ke faɗa a kan kara,
ban san ko a wane littafi ta same shi ba.

Da dare in ya yi barci
nakan ɗebo man shanu in shafa tabon.
Ba ta ce in yi ba, ba ta kuma hana ba,
don ban tambaya ba.
Can kusa da idon sawu, ƙarƙashin fata,
ɗan yatsana kan ci karo da kan ƙusa,
sanyi-sanyi, kamar ƙwayar gujiya.
Nakan tsaya a nan,
in yi masa tofin da nake yi wa kara.